Nana Asma'u 'Yar Shehu: Macen Da Ta Tsara Wa Yaro Da Babba Karatu A Cikin Gida

A wannan mako filinmu na tarihin magabata zai leƙa gidan Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne, domin mu duba rayuwar 'yarsa Nana Asma'u, Allah Ya jiƙanta. Abin da ya sa muka ɗauko ta shi ne kukan da muke yawan ji daga iyayenmu mata na kasuwannin Arlit da Akokan da Cirozerin. Mace ce da yara huɗu ko biyar a ɗaki, babban ya kai shekara 13, ƙaramin bai daɗe da yaye ba, tana so ta riƙa koya musu wani abu a gida, ko don abin da suke samu a lakwal bai ishe su ba, ko don hannu ya yi gajere tun da kamfanin COMINAK ya rufe a watan Maris na 2021 magidanta da yawa suka rasa aiki. To amma me za ta fara koya musu, kuma a wane lokaci, ga rumfa na jiranta tun da sassafe? Irin wannan tambaya ce Nana Asma'u ta shafe rabin rayuwarta tana amsawa, ita kuma ɗalibanta ba na ɗaki guda ba ne, na ƙasa guda ne.

An haife ta a Ɗegel cikin shekarar 1793. 'Yan biyu ne ita da ɗan'uwanta Hassan, amma maimakon a sa mata Husaina ko Hassana kamar yadda aka saba, sai Shehu ya raɗa mata sunan Asma'u 'yar Sayyidina Abubakar. Mahaifiyarta Maimuna ta rasu tana ƙarama, sauran matan Shehu suka rene ta. Mu mutanen wannan ƙasa gidan nan ba baƙo ba ne a gare mu. Shehu kansa a Maratta aka haife shi a 1754, kusa da Galmi ta yau, kuma tun yana saurayi ya biyo malaminsa Malam Jibrilu ɗan Umaru har Agadas. Da malamin ya wuce Makka sai shi ya juya gida, saboda bai nemi izinin mahaifinsa na tafiya aikin hajji ba.

Gidan da ta tashi a Ɗegel makaranta ne tun daga zaure har ɗakin girki. Yaro yana farawa da allo, ya koyi babbaƙu da farfaru, ya shiga haɗa baƙi, har ya sauke Alƙur'ani. Daga nan sai littattafai, kowa da inda ya tsaya: ƙananan littattafan tauhidi da na tsarki da salla, sannan Risala, sannan Muhtasar ga wanda ya yi nisa, ga nahawu, ga hadisi, ga tafsiri. Ba a cewa duk 'yan shekara bakwai su zauna nan, 'yan shekara goma su zauna can. Tabarma ɗaya ce, kowa ya zo da darasinsa ya biya, a ƙara masa gwargwadon kansa, ya koma gefe yana maimaitawa, wanda ya fi shi ya riƙa gyara masa. Yayarta Khadija malama ce da aka sani, haka sauran matan gidan, don haka Asma'u ba ta rasa mai duba mata allo ba ko da Shehu na wajen wa'azi.

Shehu kuwa da gangan ya yi haka. A littafinsa Nurul Albabi ya yi kakkausar suka ga malaman da ke tara almajirai a zaure safe da yamma, alhali matansu da 'ya'yansu mata na cikin gida ba su san hukuncin alwala da salla da azumi ba, ba su kuma san abin da ya halatta a saye da sayarwa ba. Iyayenmu 'yan kasuwa ku lura da wannan na ƙarshe. Tun sama da shekara 200 da suka wuce, mutumin nan ya sa ilimin ciniki a cikin abin da dole ne a koya wa mace. Lokacin da yake yawon wa'azi a Zamfara, wani malami mai suna Mustafa Gwani ya zarge shi da barin mata suna halartar majalisinsa, ƙanensa Abdullahi ya mayar da amsa da cewa barin su cikin jahilci ya fi wannan muni.

Tana da shekara 11 aka yi hijira daga Ɗegel zuwa Gudu a 1804. Shekarun da suka biyo baya na yaƙi ne da yunwa da ƙaura daga wannan sansani zuwa wancan, har Alƙalawa ta faɗi a 1808. Littattafai a kan raƙuma aka kwashe su, karatu kuwa bai tsaya ba. A cikin wannan hali aka ɗaura mata aure da Giɗaɗo ɗan Laima, aminin yayanta Muhammadu Bello, wanda daga baya ya zama wazirinsa. Ta haifi 'ya'ya maza, cikinsu har da Abdulƙadiri wanda ya gaji mahaifinsa a wazirci. Ta haddace Alƙur'ani, ta iya Larabci da Fillanci da Hausa, tana kuma jin Tamashek, harshen Abzinawa. Bayan rasuwar Shehu a 1817 tana cikin waɗanda suka tsaya a kan tattara rubuce-rubucensa don kada su salwanta.

Sai dai ba wannan ne ya sa sunanta ya kai yau ba. Malamai mata a gidan suna da yawa. Abin da ya bambanta ta shi ne ta dubi matan da ke wajen katangar gidan. Ƙauyukan da ke kewaye da Sakkwato da Wurno cike suke da mata waɗanda ba su san alif ba, kuma gaskiyar da ba za mu ɓoye ba ita ce da yawa daga cikinsu yaƙi ne ya kawo su, daga Gobir da sauran ƙasashen da aka ci, musamman bayan yaƙin Gawakuke na 1836 wanda Bello ya yi da Gobirawa da Katsinawan Maraɗi da wasu Abzinawa. Matan nan Hausa suke ji, ba Larabci ko Fillanci ba, kuma idan ciwo ko baƙin ciki ya same su wajen 'yan bori suka saba zuwa. Ba su da lokacin zaman shekara bakwai a kan allo. Akwai daka, akwai niƙa, akwai ɗiban ruwa, akwai kaɗi, akwai goyo.

Nan ne hikimarta ta bayyana, kuma nan muke so mu ɗan daɗe. Abu na farko da ta yi shi ne ta rage kaya. Ba ta ɗauko tsarin Ɗegel gaba ɗaya ta jibga musu ba. Ta tsamo abin da ba makawa sai da shi: sanin Allah, tsarki, salla, azumi, zakka, tarihin Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, da kyautata wa maƙwabci da mara lafiya. Duk ɗan kasuwa ya san cewa raƙumin da aka yi wa lodi fiye da ƙarfinsa ba ya kai Bilma. Ta kuma zuba darussan a cikin waƙa, da harshen da matan ke ji, domin waƙa ba ta bukatar fitila ko takarda, mace na iya biya ta tana bakin turmi.

Ga misali guda da ke nuna yadda take tunani. Ta tsara sunayen surorin Alƙur'ani duka 114 a cikin waƙa mai baiti 30 kacal. Ta yi ta da Fillanci a 1829, ta yi da Hausa a 1838, ta kuma yi da Larabci a 1850. Darasi ɗaya ne, amma kowa da abin da zai ɗauka. Yarinya ƙarama za ta haddace sunayen kawai, kamar yadda take haddace waƙar gaɗa. Wadda ta fara allo za ta gane inda surarta take, da abin da ke gabanta. Malama kuwa kowane suna ƙofa ce da za ta buɗe ta yi bayanin surar. A ganinmu wannan ita ce amsar da ta fi dacewa da uwar da ke da yara manya da ƙanana: maimakon ta raba kanta gida biyar, ta kawo abu ɗaya a gabansu duka, ƙarami ya maimaita, na tsakiya ya rubuta, babba ya yi bayani. Haka ta yi da sauran waƙoƙinta. A 1831 ta mayar da waƙar Shehu ta Fillanci zuwa Hausa, wadda aka sani da Tabbat Haƙiƙa, mai gargaɗin masu mulki da talakawa a kan zalunci da cin haƙƙin mutane. Ta yi Godaben Gaskiya a kan shika-shikan addini da sakamakon lahira. Ta kuma yi wata da ta jero salihan mata tun daga iyalan Annabi har zuwa matan gidan Shehu, domin ɗalibanta su san cewa akwai mata irinsu da suka riga su a wannan hanya.

Sai maganar lokaci, wadda ita ce ta fi damun mai rumfa. Asma'u ba ta ce kowace mace ta bar gidanta ta zo Sakkwato ba. Ta dubi shekarun mutane. Matan da ke tsakiyar aure da haihuwa ta bar su a ɗakunansu. Masu tafiya su ne 'yan matan da ba su kai aure ba, da dattijai mata da suka daina haihuwa, domin su ne gida zai iya rashinsu na 'yan kwanaki. Su kan taso ƙungiya-ƙungiya daga ƙauyukansu, galibi da rani bayan an kawar da amfanin gona, su zo su karɓi darasi, su koma su shiga gida-gida suna koya wa waɗanda ba su samu zuwa ba. Su ne ake kira 'Yan Taru. Wato karatun ne ya bi aikin mutane, ya nemi inda akwai sarari ya zauna. Kuma haɗa tsohuwa da yarinya a tafiya ɗaya ba banza ba ne: yarinya ta fi saurin hadda, tsohuwa ta fi gane ma'ana, ita ce kuma ake jin maganarta idan an koma gari.

Kowace ƙungiya tana da shugaba da ake kira jaji. Fatake sun san kalmar, domin daga ayari aka aro ta, mai shiga gaba. Asma'u da kanta ke naɗa jaji, ta ba ta malfa ta naɗa mata jan rawani a kai. Malfar nan kuwa a Gobir alama ce ta Inna, shugabar mata kuma uwar 'yan bori. Ba ta ƙone malfar ba, ba ta zage ta ba, sai ta ɗora ta a kan malama. Matar da ta taso tana ganin girman malfa, da ta hango jaji ta san mai magana ce ta zo. Mu dai muna ganin ko a cikin sarakunan zamanin ba kowa ke da irin wannan dabara ba.

Ba a biyan kuɗin makaranta. 'Yan Taru kan zo da abin da ya sawwaƙa, hatsi ko zuma ko man shanu ko zare, ita kuma ta rarraba wa makafi da guragu da sauran mabukata. An kuma ɗora musu aikin da ya wuce hadda: duba marasa lafiya, taimakon mai naƙuda, wankan gawar mace, sulhunta masu faɗa. Ta nan ake gane ko karatu ya shiga. Da ɗaya daga cikin jajinta mai suna Hauwa'u ta rasu, Asma'u ta yi mata waƙar ta'aziyya kamar yadda ta yi wa manyan gidansu, ta yaba yadda take ɗawainiyar kawo mata shekara da shekaru. Ta yi wa wata maƙwabciyarta Halima irin wannan, ba don sarauta ko malanta ba, sai don kirkinta.

Kada mai karatu ya ɗauka cewa tsarin ba shi da iyaka. Yawancin matan ƙauye hadda suka samu da ka, ba rubutu ba, kuma ilimin addini ne da zaman duniya, babu lissafin kaye ko Faransanci irin wanda yaron Arlit ke bukata yau kafin ya ci jarrabawa. Uwar da za ta yi koyi da ita dole ta cika wannan da kanta, ko ta sa babban ɗanta ya cika. Amma a gidan da aka tsayar da ɗan lokaci bayan sallar asuba kafin a fita kasuwa, da wani bayan magariba idan zafi ya sauka, aka bar Alhamis da Juma'a don hutu da tilawa kamar yadda makarantun allo suka saba, an riga an kama hanyar Ɗegel.

Bello ya rasu a Wurno a 1837, mutuwar da ta girgiza ta ƙwarai, domin shi ne abokin shawararta a harkar ilimi. Bayansa ita da Giɗaɗo suka duƙufa wajen rubuta tarihin Shehu da na Bello, shi da zube, ita da waƙa. Ta ci gaba da koyarwa da rubutu har tsufa, ta bar ayyuka sama da 50 a harsuna uku. Allah Ya yi mata rasuwa a 1864 tana da shekara 71, aka binne ta a Hubbare cikin Sakkwato kusa da mahaifinta.

Ƙanwarta Maryam, wadda ta zauna a Kano a matsayin matar Sarki Ibrahim Dabo kafin ta dawo gida, ita ce ta karɓi 'Yan Taru, ta ci gaba da naɗa jaji. Wata Baturiyar Ingila mai suna Jean Boyd, wadda ta yi shekaru da yawa tana koyarwa a Sakkwato, ta tarar da tsofaffin mata a ƙauyuka suna rera waƙoƙin da ka, fiye da shekara 100 bayan rasuwar mai su. Ta fitar da littafin tarihin Asma'u a 1989, sannan ita da Beverly Mack suka tattara ayyukanta suka buga a 1997, daga takardun da gidan Wazirin Sakkwato ya adana.