Dokta Jeanette Troup, likitar Jos da cutar Lassa ta kama a bakin aiki

Ruwan Komadugu da manoman tattasai ke ban-ruwa da shi daga Diffa har Bosso daga nesa yake fitowa. Wani reshensa daga tsaunukan Jos yake gangarowa, ya bi ta Jama'are, ya haɗu da kogin Haɗeja, kafin ya iso gare mu. To a can Jos ɗin ne matar da za mu ba ku tarihinta yau ta yi aiki, a can kuma ta rasu ranar 18 ga Fabrairu 1970, tana da shekara 46.

Jeanette Troup Ba'amurkiya ce ƴar jihar Ohio. Bayan ta gama karatun likita sai ta shiga ƙungiyar ƴan mishan ta SIM, wadda mutanen Nijar suka sani ta hanyar asibitin Galmi. Aka turo ta Jos, ta yi fiye da shekara 10 a can. Asibiti biyu take zagayawa: Bingham, inda ake kwantar da ƴan mishan in sun kamu da ciwo, da Evangel, wanda Hausawan Jos ke kira Jankwano, inda talakawa ke zuwa. Likitoci ba su da yawa a lokacin, saboda haka duk abin da ya shigo ƙofa nata ne, daga mai naƙuda zuwa yaro mai zazzaɓi.

A watan Janairu 1969 aka kawo mata wata majinyaciya cikin ƙaramin jirgin mishan. Sunanta Laura Wine, ma'aikaciyar jinya ce da ta kusa shekara 70, tana aiki a asibitin wani gari mai suna Lassa, kudu da Maiduguri, a ƙasar Borno. Zazzaɓi ne ya fara mata da ciwon baya, aka ɗauka na sauro ne, aka ba ta magani, bai ji ba. Gyambo ya fito mata a baki da maƙogwaro, wuya ya kumbura. Kwana ɗaya da isowarta Jos, ranar 26 ga wata, rai ya yi halinsa.

Daga nan ne al'amarin ya juya kan masu aikin. Wata ma'aikaciyar jinya, Charlotte Shaw, ta naɗe yatsanta da ƙyallen asibiti ta share wa marar lafiyar baki. Ashe a ranar ƙayar fure ta ɗan soke ta a wannan yatsa, ɗan ciwon da ko mai yanka albasa ba za ta tsaya duba shi ba. Bayan kwanaki sai zazzaɓi. Ranar 13 ga Fabrairu ita ma ta cika.

Dokta Troup ta ga abokan aiki biyu sun tafi cikin mako 3 da ciwon da babu shi a littafinta. Sai ta yi abin da ba kowa zai iya ba: ta buɗe gawar abokiyarta don ta ga irin ɓarnar da ciwon ya yi a ciki, ta ɗebi jini da tsokar jiki ta adana. Wadda ta taimaka mata a ɗakin ita ce shugabar masu jinya, Lily Pinneo. Mako guda bayan haka, ita ma ta kwanta. Wannan karon ba a bar ta a Jos ba. Aka kai ta Legas, daga can aka sa ta jirgi zuwa birnin Niyok, tare da samfurin jinin da Dokta Troup ta tattara. Ta yi kimanin mako 9 a asibiti, ta sha da ƙyar.

A cikin wannan jini ne masana na Jami'ar Yale suka gano sabuwar ƙwayar cuta, suka raɗa mata sunan garin Lassa. Ko su ɗin ba su tsira ba. Babban mai binciken, Jordi Casals, ya kamu a watan Yuni 1969, sai da aka ƙara masa ruwan jinin Lily Pinneo, da yake jikinta ya riga ya koyi faɗa da cutar. Ya tashi. Wani ma'aikacin ɗakin binciken, Juan Roman, ya mutu a watan Disamba, abin da ya sa aka dakatar da aikin a Yale aka mayar da shi birnin Atlanta.

A farkon 1970, daidai lokacin da yaƙin Biyafara ke ƙarewa, cutar ta sake ɓulla a Jos, wannan karon a Jankwano. Wata mai jego ce da ta dawo daga Legas aka kwantar a ɗakin mata, daga nan ta yaɗu zuwa ga maƙwabtan gadonta, da ƴan dubiya, da ma'aikata. Waɗanda suka bi diddigin annobar sun ƙidaya mutum 28, 13 daga ciki suka mutu.

Dokta Troup ta fi kowa a Najeriya sanin haɗarin abin, tunda ta gani da idonta a shekarar da ta wuce. Duk da haka ta ga sai an tabbatar ko cutar ce ta dawo, kuma babu wata hanya a wurinta sai binciken gawa. Ranar 25 ga Janairu tana cikin wannan aiki wuƙa ta goce, ta ratsa safar hannu, ta yanke ta a yatsa. Ta wanke, ta sa magani, ta koma kan majinyatanta. Farkon Fabrairu zazzaɓi ya sauko. Lily Pinneo ta taso daga Amurka da ruwan jininta don a ƙara mata, amma kafin ta iso Jos aikin gama ya gama.

Wasu za su ce ganganci ne. Ni dai ban ga haka ba. Safar hannu tana hannunta, kuma a 1970 babu wanda ya san inda cutar take kwana. Sai a 1972, a ƙasar Saliyo, aka kama mai ɗauke da ita: wani ɓera mai nonuwa da yawa, da ke shiga ɗakuna da rumbuna yana barin fitsari da kashi a kan abinci. Masu shago da masu ajiyar hatsi da busasshen kifi, wannan magana taku ce, musamman masu saro kaya ta hanyar Borno da Yobe. Rufe abinci cikin mazubi mai murfi da nisanta juji daga gida ba tsirfa ba ce. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 80 cikin 100 da suka kamu ba sa jin jiki sosai, amma cikin waɗanda ciwon ya kayar har aka kwantar, wajen 15 cikin 100 ke mutuwa. Ya fi tsanani ga mai tsohon ciki, kuma yakan bar wasu da kurumta.

Abin da ya sami Dokta Troup bai tsaya a kanta ba. A 2004 Dokta Aniru Conteh, wanda ya daɗe yana riƙe da ɗakin masu Lassa a Kenema ta Saliyo, ya mutu bayan allurar da ya ɗebi jinin majinyaci da ita ta soke shi. A watan Janairu 2020 likitoci 2 na Asibitin Koyarwa na Aminu Kano suka rasu bayan an yi wa wata mai ciki tiyata, ashe tana ɗauke da cutar. Ba Lassa kaɗai ba ce ke bin wannan hanya. Ciwon hanta da sida ma ta tsinin allura ko bakin wuƙa suke shiga jikin ma'aikaci. A farkon shekarun 2000 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ma'aikatan lafiya wajen miliyan 3 ke gamuwa da irin wannan suka kowace shekara.

Shi ya sa, iyayenmu mata, in ungozoma ta tsaya sai ta sa safar hannu kafin ta taɓa ƴarku, ba ƙyama ba ce. In an ce ƴan dubiya su ragu a ɗaki, a ragu, don a Jankwano har da masu dubiya cutar ta kwasa. In kuma kun dawo daga fatauci da zazzaɓin da ya ƙi jin maganin sauro, ku faɗa wa malamin asibiti garin da kuka fito tun kafin ya ɗauki allura.

A cikin shekarar 1970 wata mujallar likitoci ta Amurka ta buga bayanin farko na likitoci kan zazzaɓin Lassa, sannan ta buga rahoton annobar Jos. Duka biyun suna ɗauke da sunan Jeanette Troup, a na biyun ma ita ce a kan gaba. Lily Pinneo kuwa, da ta tarar an riga an yi jana'iza, ba ta juya ba. Ta zauna ta ci gaba da aikin jinya a Najeriya shekaru da dama.