Marigayi Likita David Barker, Mai Bin Sawun Cuta Tun Daga Cikin Uwa

An haifi David Barker a birnin London cikin shekarar 1938. Ya yi koyon aikin likita a asibitin Guy's, ya gama a 1962, sa'an nan ya ƙara ilimi a Jami'ar Birmingham. Cikin 1969 ya tafi Jami'ar Makerere ta ƙasar Uganda, inda ya yi bincike a kan wani mugun gyambo da ake kira Buruli, wanda ke kama mazauna bakin fadama. Zama ya gagara a zamanin Idi Amin, saboda haka ya koma Ingila a 1972, ya kama aiki a Jami'ar Southampton. A nan ne ya yi aikin da ya fito da sunansa.

A wancan zamani likitoci sun ɗauka ciwon zuciya da ciwon sukari cututtuka ne na masu hali, watau sakamakon cin maiƙo da rashin motsa jiki. Da Barker da abokin aikinsa Clive Osmond suka zana taswirar mace-macen Ingila da Wales, sai suka ga akasin haka. Ciwon zuciya ya fi kisa a yankunan talakawa, kuma yankunan nan su ne ainihin inda jarirai suka fi mutuwa shekaru hamsin kafin nan. Suka buga wannan a 1986. Barker ya yi zaton abin da ya kashe waɗancan jarirai, watau rashin abinci mai gina jiki ga uwa, shi ne ya bar tabo a jikin waɗanda suka rayu.

Zato dai ba hujja ba ne. Sai ya shiga neman tsofaffin littattafan haihuwa lardi lardi, har ya dace a Hertfordshire. Can wata shugabar ungozomomi mai suna Ethel Burnside ta kafa doka tun 1911, cewa a auna kowane jariri ran haihuwa, a sake auna shi in ya shekara, a rubuta a littafi. Ta raba wa ma'aikatanta ma'auni, ita kuwa tana zaga ƙauyuka bisa keke tana duba aiki. Da fari an hana Barker littattafan domin asirin mutane ne. Ashe a lokacin Yaƙin Duniya na Biyu iyalinsu sun yi gudun hijira zuwa wani ƙauye na lardin, an kuwa haifi ƙanwarsa a can, sunanta na ciki. Wannan ya taimaka aka buɗe masa.

Aka bi sawun maza 5,654 da aka haifa tsakanin 1911 da 1930. Sakamakon da ya fito a 1989 ya nuna waɗanda suka fi rashin nauyi suna 'yan shekara ɗaya, mutuwarsu ta ciwon zuciya ta kusa ninka ta masu nauyi sau uku. Cikin 1991 kuma, tare da Farfesa Nicholas Hales na Cambridge, aka gwada sukarin jinin waɗansu dattawan lardin. Cikin waɗanda aka haifa ƙanana ƙwarai, kashi 40 cikin ɗari sukarinsu ya hau, alhali cikin waɗanda aka haifa manya kashi 14 ne kurum.

Bayanin da su biyu suka kawo a 1992 shi ne, ɗan tayin da abinci bai ishe shi ba yakan yi tsimi. Yakan tura ɗan abin da ya samu ga ƙwaƙwalwa, ya rage wa ƙoda da tsoka da gaɓar da ke yin insulin, ya shirya jikinsa don zaman yunwa. In ya fito ya ci gaba da zaman ƙunci, shirin ya yi daidai. Amma in ya girma ya sami wadata, jikin da aka gina don mudu ɗaya ba ya iya ɗaukar tiya, sai sukari da hawan jini su biyo baya.

Wannan magana ta shafi mutanen Funtuwa da Malumfashi kai tsaye, ko da yake ƙasa ce ta masara da dawa da auduga. Kowa ya san yadda rumbu ke yin ƙasa a tsakiyar damina, daga Yuli zuwa Agusta, lokacin da aiki ya fi yawa, sauro ya fi yawa, tsaba kuwa ta fi tsada. Mai ciki a wannan lokaci ita ce ke ci a ƙarshe a gidaje da dama, mai cikin fari kuwa kunya ba ta barinta ta ce ba ta ƙoshi ba. Yaron da aka haifa haka, in Allah ya yi masa karatu, shi ne gobe akawu ko malami a Katsina ko Kaduna, yana wuni bisa kujera, ga shinkafa, ga shayi mai sukari, ga lemon kwalba. Waɗanda aka yi cikinsu lokacin farin 1973 yanzu sun haura shekara hamsin, shekarun da cututtukan nan suka fi bayyana. A shekarun 1970, lokacin da Jami'ar Ahmadu Bello da makarantar likitancin ƙasashe masu zafi ta Liverpool suka yi babban bincikensu a Malumfashi, hankali yana kan tsargiya da zazzaɓin cizon sauro da saran maciji, don su ne ke gaban kowa a lokacin.

Ba a karɓi maganar Barker da sauƙi ba. Waɗansu masana suka ce talaucin da ya sa aka haifi yaro ƙarami shi ne ke binsa har tsufa, ba ruwan mahaifa. Sukar tana da ƙamshin gaskiya, domin nauyin haihuwa ma'auni ne mai kauri, kuma ba duk ƙaramin jariri ke zama mai ciwon sukari ba. Barker bai ja da baya ba. Ya haɗa kai da masu bincike a Finland da Indiya, aka kuma sami irin wannan alama. A Holan, waɗanda suke ciki lokacin yunwar ƙarshen yaƙi ta 1944 zuwa 1945 an same su da raunin sarrafa sukari. A nan Nijeriya ma, binciken da aka yi a Enugu aka buga a 2010 ya nuna waɗanda aka haifa cikin yunwar yaƙin basasa sun fi na bayansu hawan jini da hawan sukari.

Abin da ya rage shi ne yadda jiki ke riƙe wannan tarihi har shekara sittin. Amsar da ta fi ƙarfi ta zo daga ilimin efijenetik, sunan da Conrad Waddington ya ƙago a 1942. Ƙwayoyin gado da mutum ke samu daga uwa da uba kamar baƙaƙe suke a allo, ba su sakewa. Amma akwai waɗansu ƙananan alamomi da ke hawa kansu kamar wasulla, su ne ke nuna yadda za a karanta su, wace za ta yi aiki, wace za ta yi shiru. Abincin uwa yana taɓa waɗannan alamomi. A 2008 aka ga bambancinsu a jinin mutanen Holan ɗin nan in an gwada su da 'yan'uwansu ciki ɗaya. A ƙauyukan Gambiya kuma, inda damina ke da yunwa irin ta ƙasar Hausa, an nuna a 2014 cewa alamomin yara sun bambanta gwargwadon lokacin da aka yi cikinsu, damina ko rani. Uba ma bai fita ba, don gwajin ɓeraye ya nuna abincin namiji yana iya shafar sukarin 'ya'yansa, ko da yake hujjar wannan ga ɗan Adam ba ta kai ta wajen uwa ƙarfi ba.

Cikin 1998 aka zaɓi Barker cikin Royal Society, babbar majalisar masanan kimiyya ta Ingila. Daga 2003 ya riƙa raba lokacinsa tsakanin Southampton da wata jami'a a jihar Oregon ta Amurka, inda ya mai da hankali ga mabiyiya, watau mahaifar da ke ciyar da ɗan tayi. A ƙarshen rayuwarsa ya yawaita kira da a kula da abincin 'yan mata tun kafin aure, domin jikin da yarinya ta gina tana ƙarama shi ne zai ciyar da ɗanta. Ya rasu cikin watan Agusta na 2013, yana da shekara 75, bayan jini ya fashe masa a ƙwaƙwalwa.