Boyd Alexander: Baturen Tsuntsaye da Jagoransa

Mu mutanen Sabon Birni da Isa mun saba da ƙasa shimfiɗaɗɗiya, da rairayi da fadamun Gulbin Rima. Yawancin ɗalibanmu ba su taɓa ganin teku ba, balle tsibiri ko dutse mai aman wuta. Amma mun san tsuntsaye. Ko yaro ƙarami ya san in shamuwa ta sauka a kan tsamiyar gari, to damina ta kusa, a gyara kwashe da iri. Shi ya sa a bana muka ga ya dace mu ba da labarin wani mutum da son tsuntsaye ya kai shi tsibirai da ƙwanƙolin duwatsu, ya kuma kai shi kabari a ƙasar Barno.

An haifi Boyd Alexander ran 16 ga Janairu, 1873, a garin Cranbrook na ƙasar Ingila. Ubansa hafsan soja ne, shi ma aikin ya bi. Tun yana ɗan makaranta hankalinsa yana kan tsuntsayen karkararsu.

A 1897 ya tafi tsibiran Cape Verde, waɗanda ke cikin teku yamma da Senegal. Duk aman wuta ne ya fito da su daga ƙarƙashin ruwa. Dutsen Fogo, wanda ya fi kowanne tsawo a can, ya kai mita 2,829, kuma bai mutu ba, don ya yi aman wuta a 1995 da 2014. A wani ƙaramin tsibiri busasshe mai suna Raso, inda babu kowa zaune, Alexander ya sami wani ɗan tsuntsu mai kalar ƙasa wanda masana ba su san da shi ba, ya bayyana shi a rubuce a 1898. Wannan tsuntsu abin tausayi ne, gama rayuwarsa kamar ta manomin Gobir take. In an yi ruwa ya yi ƙwai ya yaɗu, in an yi fari ya daina haihuwa. Akwai shekarun da yawansa a duniya duka bai kai 100 ba. Sai a 2018 aka kwashi waɗansu aka kai tsibirin Santa Luzia na kusa, don kada fari ɗaya ya shafe irin.

Amma a ganinmu babban abin da ya samo a Cape Verde ba tsuntsu ba ne. Wani yaro ne ɗan tsibiran mai suna José Lopes, wanda ya ɗauka aiki. Yaron ya koyi harbi, da feɗe tsuntsu a shanya fatarsa ba tare da an ɓata gashin ba, da lura da kukan da bai yi kama da na jiya ba. Shekara 13 suka yi tare.

Kada mu ɓoye wa ɗalibai cewa Alexander sojan mulkin mallaka ne. Ya shiga rundunar Gold Coast, wato Ghana ta yau, wadda Hausawa suka yi yawa a cikinta, kuma yana cikin waɗanda suka yaƙi Asante a Kumasi a 1900. Nazarin tsuntsaye na zamanin ma da bindiga ake yinsa. A harbe, a feɗe, a rubuta wuri da rana a ɗaura a ƙafa, a aika gidan tarihi a London. Mai kallon tsuntsaye na yau madubin hangen nesa da kyamara yake riƙewa, kuma mun fi son haka.

A 1902 suka tafi Fernando Po, tsibirin da yanzu ake kira Bioko a ƙasar Ikwatoriyal Gini. Dutsensa ya ɗara mita 3,000. A ƙasa zafi da kurmi, a sama sanyi da hazo da ciyawa, kuma kowane hawa da irin tsuntsayensa. Haka tsibirai da manyan duwatsu suke: halittar da ta makale a can, ruwa ko zafin kwari ya raba ta da danginta, sai a hankali ta zama iri na dabam da babu shi ko'ina. Sun sami sababbin iri masu yawa. Biyu daga ciki Alexander ya raɗa musu sunan Lopes, kuma har yau a littattafan kimiyya sunansu yana ƙarewa da lopezi. Ba kasafai Turawan lokacin suke tunawa da yaransu haka ba. 'Yan dakon da suka hau da kaya a ka kuwa, babu tsuntsun da ya ci sunansu.

Babbar tafiyarsa ta fara a 1904, daga Kwara zuwa Kogin Nilu. Tare da shi akwai ƙanensa Kyaftin Claud Alexander, da Kyaftin G. B. Gosling, da mai awon ƙasa P. A. Talbot, da José Lopes, da sojoji da 'yan dako. Sun zo da jiragen ruwa biyu na ƙarfe waɗanda ake kwancewa a ɗauka a ka. Hanyarsu ta bi Lokoja da Ibi a kan Binuwai, ta nufi Barno, nesa da mu nan Gobir. Tun ba a je ko'ina ba, a watan Nuwamba na 1904, zazzaɓin taifod ya kashe Claud a Maifoni, wurin da ke cikin Maiduguri a yau. Boyd ya binne ƙanensa ya ci gaba. Ya yi watanni yana neman hanya cikin ciyayi da taɓon Tafkin Cadi kafin ya fita Kogin Shari. A kurmin Kwango, Lopes ne ya samo musu okapi, wata dabba mai ɓuya, dangin raƙumin dawa amma ƙafafunta da zane irin na jakin dawa. A watan Yuni na 1906 Gosling ma ya rasu a Niangara da zazzaɓin baƙin fitsari. Talbot ya riga ya koma gida, saboda haka cikin Turawan huɗu Boyd kaɗai ya isa Nilu, a ƙarshen shekarar. Ya rubuta labarin a littafi mai juzu'i biyu a 1907, aka ba shi lambar zinariya ta ƙungiyar masana labarin ƙasa ta London a 1908.

Da wani ne da ya zauna ya huta. Shi kuwa a farkon 1909 yana tsibiran São Tomé da Príncipe da Annobón, daga nan ya haye Dutsen Kamaru mai tsawon fiye da mita 4,000. A duba taswirar da ke ajinmu: waɗannan tsibirai da Bioko da Dutsen Kamaru a jere suke kamar an ja igiya, kuma layin aman wutar ya miƙe har tudun Biu a Jihar Barno. Yana kan dutsen a watan Afrilu na 1909 ƙasa ta fara girgiza, dutsen ya fashe da wuta. Jamusawa masu mulkin Kamaru suka bar hedikwatarsu ta Buea suka sauka Douala, shi kuwa ya nufi wajen wutar don ya gani da idonsa. A yau akwai masu jagora a Buea da ke hawa da baƙi, sun san hanya, sun san lokacin da ya kamata a juyo.

Sanin lokacin juyawa shi ne abin da Alexander bai iya ba. Ya yi arewa, ya ziyarci kabarin ƙanensa, ya wuce ƙasar Wadai da niyyar shiga Darfur. Faransawa sun ci Abeshe a 1909, yaƙi bai lafa ba, kuma a Janairun 1910 Masalit suka hallaka wata rundunar Faransa. Baƙon Bature a irin wannan wuri ba wanda zai tambaye shi ko tsuntsaye yake nema. Ran 2 ga Afrilu, 1910, aka kashe shi a Nyeri, a ƙasar Tama. Shekararsa 37. José Lopes ya tsira.

An kawo ƙasusuwansa Maifoni aka binne kusa da Claud. Budurwar da ya yi niyyar aura, Olive MacLeod, ta taso tun daga Birtaniya tare da Talbot da matarsa don ta ga kabarin. Daga baya ta auri C. L. Temple, wanda ya zama Mataimakin Gwamna mai kula da Arewa a 1914, ta kuma tattara littafi a kan ƙabilu da masarautun Arewa wanda ya fito a 1919. Sunan Gosling kuma yana kan wani ɗan tsuntsu mai zane fari da baƙi a ka, wanda ake gani a wurare masu duwatsu a Arewacin Nijeriya.