Enzo Ferrari: Ɗan maƙerin Modena da tsoffin motocinsa suka zama dukiya

A watan Agusta na 2018, a garin Monterey na ƙasar Amurka, an yi gwanjon wata jar mota ƙirar Ferrari 250 GTO ta shekarar 1962. An sallama ta a kan dalar Amurka miliyan 48.4, wato sama da miliyar 25 na kuɗin CFA. Guda 36 kacal aka ƙera irinta. Sai dai mutumin da sunansa ke jikin motar ba mai damuwa da tsohuwar mota ba ne. Hankalinsa kullum yana kan wadda za ta ci tseren gobe.

An haifi Enzo Ferrari a watan Fabrairu na 1898 a birnin Modena da ke arewacin Italiya, inda mahaifinsa ke da maƙerar kayan ƙarfe. Yana ɗan shekara 10 aka kai shi kallon tseren motoci a Bologna, daga nan abin ya shiga ransa. A 1916 ya rasa mahaifinsa da wansa. Ya shiga soja a yaƙin duniya na farko, aka ba shi aikin sanya wa alfadarai takalmin ƙarfe, har rashin lafiya ta sa aka sallame shi. Da ya je neman aiki a kamfanin Fiat a Turin, ba a ɗauke shi ba.

Bai koma gida ya zauna ba. Ya samu aikin gwada motoci, ya fara tsere a 1919, kuma a 1920 ya zo na biyu a gasar Targa Florio da motar Alfa Romeo. A 1923 ya ci wani tsere kusa da Ravenna, abin da ya haɗa shi da iyayen Francesco Baracca, matuƙin jirgin yaƙin da ya mutu a 1918. Hoton baƙin doki mai tabarya da ke jikin jirgin marigayin shi ne ya zama tambarin Ferrari, a kan launin rawaya na birnin Modena.

A 1929 ya kafa ƙungiyar tsere ta Scuderia Ferrari, mai amfani da motocin Alfa Romeo. Da suka ɓata a 1939, yarjejeniyar rabuwa ta hana shi sanya sunansa a motar tsere har tsawon shekara huɗu. A 1943 ya mayar da masana'antarsa Maranello, inda jiragen yaƙi suka yi mata ruwan bama-bamai. Sai a 1947, yana dab da shekara 50, mota ta farko mai sunansa ta fito: 125 S, mai inji silinda 12 da injiniya Gioacchino Colombo ya zana. Bayan shekara biyu, Ferrari ta lashe tseren awa 24 na Le Mans a Faransa.

Tsarinsa a fili yake: yana sayar wa attajirai motocin hawa ne don ya samu kuɗin tsere. Motar da ta gama aikinta kuwa, ko a sayar, ko a kwance ta a yi amfani da kayanta. Motocin 156 da Phil Hill ya zama zakaran duniya da su a 1961 duk an wargaza su, ko ɗaya ba ta saura ba.

Nasarar ba ta zo a banza ba. A 1956 ɗansa Dino ya rasu yana da shekara 24, sakamakon cutar da ke cinye tsokar jiki. A 1957, a tseren Mille Miglia da ake yi a kan titunan jama'a, tayar motar Alfonso de Portago ta fashe kusa da ƙauyen Guidizzolo. Direban da abokin tafiyarsa da ƴan kallo tara suka mutu, biyar daga cikinsu yara ne. An gurfanar da Ferrari gaban kotu, sai a 1961 aka wanke shi, kuma ba a sake yin tseren a tsohon tsarinsa ba.

A 1963 kamfanin Ford ya nemi sayen Ferrari. Ana dab da sa hannu Enzo ya janye, saboda yarjejeniyar za ta raba shi da iko kan harkar tsere. Ford ya rama da lashe Le Mans sau huɗu a jere, daga 1966 zuwa 1969. A wannan shekarar ta 1969 Fiat, da ya hana shi aiki yana saurayi, ya sayi rabin kamfaninsa, aka bar masa ragamar tsere a hannunsa.

Yau gyaran waɗannan tsoffin motoci sana'a ce mai zaman kanta. Jikin 250 GTO da guduma aka buga shi daga farantin alminiyom a wurin Scaglietti da ke Modena, don haka mai gyara sai ya iya aikin hannu irin na da. Tun 2006 kamfanin ke da sashen Ferrari Classiche, wanda ke duba lambar inji da ta ƙashin mota, ya gwada su da takardun asali, kafin ya ba da shaidar cewa motar ta gaske ce. Wannan shaida na iya ɗaga farashi ko ta karya shi.

Enzo Ferrari ya rasu ranar 14 ga Agusta na 1988 yana da shekara 90, aka binne shi a Modena. Ƙasa da wata guda bayan haka, a Monza, motocinsa biyu suka zo ta ɗaya da ta biyu. Shi ne tsere ɗaya tilo da McLaren bai ci ba a gasar Formula 1 ta wannan shekara.