Rod Dedeaux: Mai motocin kaya da ya horar da zakaru

Mu da muka saba ganin tireloli a da suna tsallaka gadar Malanville zuwa Gaya, labarin Rod Dedeaux ba zai zame mana baƙo ba. An haife shi a Amurka a 1914. Ya taso yana wasan besbol, wato ƙwallon da ake bugawa da gora, har babbar ƙungiyar Brooklyn Dodgers ta ɗauke shi a 1935. Wasa biyu kacal ya buga mata, daga baya ciwon baya ya raba shi da fili.

Bai naɗe hannu ba. Ya sayi motar kaya da dala 500, ya kafa kamfanin sufuri na DART. A 1942 ya fara horar da ɗaliban Jami'ar Kudancin Kalifoniya, bai sauka ba sai 1986. Sau 11 ƙungiyarsa tana ɗaukar kofin jami'o'in ƙasar, biyar daga ciki a jere, daga 1970 zuwa 1974. Albashinsa kuwa dala ɗaya ce a shekara, domin motocin ne ke riƙe da gidansa.

Ya rasu a 2006 yana da shekara 91.