Lord Beveridge, Wanda Ya Tsara wa Ingila Hanyar Taimakon Talakawa

Ran 1 ga watan Disamba 1942, ana tsakiyar yaƙin Hitila, mutanen Landan suka yi dogon layi a ƙofar kantin da Gwamnati ke sayar da takardunta, kowa na so ya sayi wani rahoto mai shafi wajen 300, cike da lissafi. Duk akawun da ya san yadda rahoton Gwamnati kan kwana a kabad har gara ta ci shi zai yi mamakin jin cewa wannan, da taƙaitaccensa, an sayar da fiye da 600,000. Sunan mutum ɗaya ne a ƙarshensa, watau William Beveridge.

An haife shi ran 5 ga Maris 1879 a Rangpur, cikin ƙasar Bengal, garin da ke cikin Bangaladash a yau. Ubansa alƙali ne a aikin Gwamnatin Ingila ta Indiya. Ya yi karatu a makarantar Charterhouse, sa'an nan ya shiga Kwalejin Balliol a Jami'ar Oxford, ya kuma karanci shari'a. Amma aikin lauya bai kwanta masa a rai ba. Cikin 1903 ya koma Toynbee Hall, wani gida a unguwar matalauta ta gabashin Landan inda masu ilmi kan zauna tare da talakawa, suna koya musu, suna kuma ganin zamansu da idonsu.

A zamanin nan wanda ya rasa abin kai wa baka a Ingila ba shi da madogara sai Dokar Matalauta, wadda ta samo asali tun 1601, aka kuma tsananta ta cikin 1834. Mai neman taimako akan kai shi gidan aikin matalauta, a raba shi da matarsa da 'ya'yansa, a ba shi aiki mai wuya da abinci kaɗan. Da gangan aka yi haka, don kada kowa ya nema sai wanda ya kai maƙura, gama masu mulki sun ɗauka lalaci ne ke jawo talauci. Beveridge ya duba lebura a bakin tashar jiragen ruwa, ya ga yadda su ke taruwa da asuba, a ɗauki kaɗan a sallami saura. Ya gane laifin yana ga yadda a ke ɗaukar ma'aikata, kuma abin da ya bayyana ke nan cikin littafinsa na 1909 a kan rashin aiki.

Cikin 1907 ya je Jamus ya ga inshorar ma'aikata da Bismarck ya kafa tsakanin 1883 da 1889. Shekara ta zagayo, Winston Churchill, wanda ke riƙe da Ma'aikatar Ciniki, ya ɗauke shi aiki. Daga nan aka sami ofisoshin neman aiki, waɗanda aka buɗe cikin 1910, da inshorar rashin aiki ta 1911, wadda ta shafi ma'aikata fiye da miliyan 2 a sana'o'i irin su gini da ƙera jiragen ruwa. A Yaƙin Duniya na Farko ya yi aiki a ma'aikatar makamai da ta abinci. Daga 1919 zuwa 1937 shi ne shugaban Makarantar Tattalin Arziki ta Landan, cikin 1933 kuwa yana cikin waɗanda suka kafa ƙungiyar ceton malaman jami'a da Hitila ya kora.

Mutum ne mai ƙwazo da kaifin basira, amma mai wuyar sha'ani, ya kuwa san ya fi mutane da yawa sani, ba ya kuma ɓoyewa. Da yaƙi na biyu ya ɓarke ya so a danƙa masa tsara ma'aikatan ƙasa duka. Ernest Bevin, Ministan Ƙwadago, bai iya zama da shi ba, saboda haka cikin Yuni 1941 aka ba shi shugabancin wani kwamiti na duba dokokin inshora, aikin da kowa ya ɗauka na gefe ne. Shi kansa ya karɓa da baƙin ciki. Da manyan ma'aikatan da ke cikin kwamitin suka ga inda ya dosa, aka shirya cewa shi kaɗai zai sa hannu, don kada a ce maganar Gwamnati ce.

To, me ya ce a yi? Ya lissafa manyan abokan gaba biyar, watau fatara, da cuta, da jahilci, da ƙazamin mazauni, da zaman banza. Binciken da aka yi a garuruwan Ingila ya nuna masa cewa kashi uku cikin huɗu na fatara, ko fiye, yana zuwa ne sa'ad da albashi ya yanke saboda ciwo ko tsufa ko rashin aiki, yawancin sauran kuwa daga yawan 'ya'ya ne a kan ƙaramin albashi. Maganinsa ya yi kama da adashi, sai dai ƙasa duka ke zubi. Kowane mako ma'aikaci ya biya, mai gidansa ya biya, baitulmali ya ƙara, a manna kan sarki a katinsa. Babba da ƙarami zubinsu ɗaya, abin da za su karɓa ɗaya. Ya yanka sule 24 a mako ga mutum ɗaya, sule 40 ga miji da mata. Abin da ya fi ba muhimmanci shi ne, wanda ya yi zubi hakkinsa ya ke karɓa, ba mai zuwa gidansa ya ƙidaya kujeru da tukwane kafin a ba shi. Ya kuma tsai da kuɗin daidai abin da zai riƙe rai, don mai son ƙari ya yi tanadi da kansa. Ya ce shirin ba zai tsaya ba sai da abu uku: kuɗin renon yara, da magani ga kowa, da Gwamnati ta hana yawan rashin aiki.

Churchill ya yi sanyi da maganar, yana ganin a ci yaƙi tukuna a ga abin da ya rage a baitulmali. Jama'a ba su manta ba. A zaɓen 1945 suka ba jam'iyyar Leba ta Clement Attlee mulki, abin mamaki kuwa Beveridge da kansa, wanda ya shiga Majalisa cikin 1944 a jam'iyyar Libaral, ya faɗi a zaɓen nan. Dokar kuɗin yara ta 1945 ta ba da sule 5 a mako ga kowane ɗa bayan na fari, shi kuwa 8 ya nema. Ran 5 ga Yuli 1948 inshorar ƙasa da asibitin kyauta suka fara aiki, aka kuma soke Dokar Matalauta.

Shirin yana da gurbi. Ya ɗauki matar aure a matsayin mai dogara ga zubin mijinta, abin da mata suka yi ta kuka da shi daga baya. Bai kuma warware matsalar kuɗin haya ba, wanda ya bambanta daga gari zuwa gari, don haka tsofaffi da yawa suka koma neman taimakon nan mai bincike da ya so a rage. A ganinmu zubi ɗaya ga kowa shi ne ya fi rauni, domin dole a tsai da shi inda mafi ƙarancin albashi zai iya biya, abin da ke tukunya kuwa ba ya wuce abin da aka zuba.

Cikin 1946 aka naɗa shi Lord. Littafinsa na 1948 a kan ƙungiyoyin taimakon kai da kai ne, gama yana tsoron kada Gwamnati ta ɗauke wa jama'a dukkan aikin jin ƙai. Ya yi aure yana da shekara 63, 'yan kwanaki bayan fitowar rahoton, da Janet Mair, wadda ta daɗe tana aiki tare da shi, bai kuwa bar ɗa ba. Ya mutu a Oxford ran 16 ga Maris 1963, yana da shekara 84.