Alhaji Alhassan Ɗantata da Kamfanin Turawa

An haifi Alhassan a garin Bebeji ta ƙasar Kano a shekarar 1877. Mahaifinsa Abdullahi madugu ne daga cikin Agalawa, mutanen da suka shahara da fataucin goro. Uban ya rasu Alhassan yana ƙarami, uwarsa kuwa ta koma Ankara ta ƙasar Gwalkwas, inda take kasuwanci. Ya yi karatun allo, sa'an nan ya bi sawun iyaye zuwa Gwanja. Da ya ga wahalar hanyar ƙasa da yawan asararta, sai ya riƙa ɗora goro a jirgin ruwa zuwa Ikko.

A 1911 dogo ya iso Kano, kamfanonin Turawa suka biyo shi neman fatu da gyaɗa. Babbansu shi ne Kamfanin Neja, wanda Lever Brothers na Ingila suka saye a 1920. A 1929 aka gama shi da wani kamfani, aka sa musu suna United Africa Company, wato U.A.C., reshen Unilever.

Shi wannan reshe ƙafa biyu ya tsaya a kai. Ta farko tana Ingila, inda uwar kamfani take ba shi jari, da yadi da gishiri na sayarwa, tana kuma karɓar gyaɗa domin injunan mai da sabulu. Ta biyu tana ƙasar Hausa, kuma ita ce kuɗi ba su saye. Bature bai san ƙauye ba, bai san wanda yake biyan bashi da wanda yake cinyewa ba, manomi kuma bai yarda da baƙo ba. Alhassan kuwa yana da yara a kasuwannin karkara tun zamanin goro, kowa ya san shi da riƙon amana.

Saboda haka kamfani ya neme shi. Sai a ba shi kuɗi tun kafin kaka, shi kuma ya rarraba wa yaransa, su sayi gyaɗa a hannun manoma, jakuna da raƙuma su kawo ta bakin tasha. Can ake tara buhuna har su zama dala. Kamfani ya sami kaya, Alhassan ya sami la'ada, har ya zama babban attajirin Kano. Ya shahara a bakin mutane cewa ranar da banki ya buɗe a Kano a 1929, raƙumi ashirin ne suka kai kuɗinsa na azurfa.

Amma farashi ba a Kano ake yanke shi ba. Da kasuwar duniya ta faɗi wajen 1930, kuɗin gyaɗa ya karye, manomi da ɗan baranda suka ji a jikinsu. Alhassan bai jingina da gyaɗa kaɗai ba, ya riƙe goro, da shanu, da tufafi, da gidaje, shi ya sa girgizar ba ta kā da shi ba.

Ya rasu a Kano ran 17 ga Agusta 1955, aka binne shi a gidansa na unguwar Sarari. 'Ya'yansa suka ci gaba da ciniki da sunansa, kuma Aliko Ɗangote daga zuriyarsa yake ta wajen uwa. Allah ya jiƙansa da rahama.